Muhawara: Taekwondo, Judo ko Kokowa, Wanne Za Mu Kai Yaranmu a Maraɗi?

Mushen Bagalam:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ke cina a rai, ina so mu tattauna ta tun ba a shiga babban hutu ba. Duk mai koyarwa a kwaleji ko lise a garin nan ya san abin da ke biyo bayan rufe lakwal. Wata uku cur yaro ba shi da abin yi sai zaman fada, shayi daga hantsi har tsakar dare, waya a hannu. A can wasu ke fara shan tiramol, a can ake fara yawo da wuƙa a ƙugu. In aka koma aji a watan Oktoba sai ka ga yaron da ka sani da kunya idonsa ya bushe, ka yi masa magana ya tsaya yana ƙare maka kallo. A ganina, da iyaye za su riƙa kai yara wurin koyon taekwondo ko karate ko judo, da an rage wani abu. Na lura 'yan ajina da ke zuwa irin wannan horo sun fi saura natsuwa, ba a cika kawo ƙararsu ba. Amma duk uban da na tuntuɓa sai ya ce shi ba zai kai ɗansa a koya masa faɗa ba. Ina neman ra'ayinku, musamman waɗanda suka san abin daga ciki.

Maman Ikilima:
Wa alaikumus salam Mushe. Ni ma ina cikin iyayen da ke ƙi, kuma ina da dalilina. Ina da yaro ɗan shekara 13, zuciya gare shi, ko ƙannensa ba ya raga wa. Yanzu da hannu kawai yake dukansu. In na kai shi aka koya masa ɗaga ƙafa har wuyan mutum, wa zai iya da shi a gida? Babansu kullum yana hanyar Kano da kaya, ni kaɗai ce a kansu. Ku da kuka sani ku faɗa mini gaskiya tsakaninku da Allah.

Metir na Zariya:
Hajiya, tsoronki yana da tushe. Bari in faɗa miki abin da yaro ke tararwa in ya zo, don ba irin na fim ba ne. Ranar farko yana zuwa da zumuɗin zai fasa bulo da hannu. Sai a ce ya cire takalmi, ya gaida kowa, ya tsaya a sahun ƙarshe, domin jeri bisa ɗamara ake yinsa: masu baƙa a gaba, sabon zuwa mai fara can baya, ko da ya girmi wanda ke gabansa. Daga nan sai gudu, sai miƙa jijiyoyi, sai koyon tsayuwa. Motsi guda za a sa shi ya yi ta maimaitawa har ƙafarsa ta kama rawa. Za a ɗau watanni bai taɓa jikin kowa ba. Yaron da ya zo neman hanyar cin zali yawanci a nan yake gajiya, ya daina zuwa da kansa.

Wanda ya jure har ya kai ga karawa da ɗan'uwansa, jikinsa ne zai koya masa sauran. Da zarar ya fusata sai ya saki kariya, ya ruga ido rufe, numfashi ya ƙare masa, ƙaramin yaro mai sanyin kai ya yi ta cin maki a kansa a gaban kowa. In haka ta faru da shi wasu lokuta, shi da kansa zai gane fushi asara yake ja masa. Ga shi kuma ya ɗanɗani duka, ya san zafinsa. Mai dukan ƙannensa a gida galibi bai taɓa gamuwa da wanda ya fi ƙarfinsa ba a wurin da babu damar zagi ko jifa, sai dai in an gama ya miƙa hannu a gaisa.

Sai dai duk wannan a wuyan mai koyarwa yake. Akwai masu kiran kansu metir da ba su da komai sai kimono, wato kayan horo, da tsawa. Kafin ki ba kowa ɗanki, ki je ki zauna ki kalli horo tun daga farko har a tashi. In ya hana ki zama, ki kama gabanki. In kika ga yana marin yara, ko yana haɗa sabon zuwa da tsohon hannu don a yi masa dariya, ko yana ba da labarin mutanen da ya kakkarya a unguwa, kar ki bar yaronki a nan. Ki tambaye shi wa ya ba shi ɗamararsa, kuma ko hukumar wasan ta ƙasa ta san da kulob ɗinsa. A wurina, yaron da aka kawo ƙarar ya yi faɗa a waje, tuɓe kimono yake yi ya zauna gefe yana kallon saura, har sai uwarsa ta zo ta ce ya gyaru.

Baba na Tibiri:
Salamu alaikum. Jikana ya karanta mini maganarku, na ce ya rubuta tawa. Mushe, Metir, ban ƙi taku ba, amma abin na ba ni mamaki. Mu da Allah ya ba kokowa, mi za mu nema Koriya da Japan? Da anka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wa ya ɗauko shi? Kantu ne, Yakuba Ango, ɗan jihar ga tamu. Shi ya sa filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunanshi har yau. In lokacin gasa ya yi, jihohi 8 kowace ta kawo 'yan kokowa 10, ƙasa duk ta tsaya, mai rediyo na rediyo, mai talabijin na talabijin. Isaka Isaka na Doso, ko ɗan yaye ya san sunanshi.

Mu da munka tashi, in an kai amfanin gona gida, da farin wata sai dandali. Ba wanda ya biya ko dala. Rairayi ga shi nan gulbi kyauta. Ladabin da Metir ke faɗi kuwa duk shina cikin kokowa. Ka kada mutum, kai za ka miƙa mishi hannu ka tada shi. An kada ka, ka tashi ka rungume shi gaban dubun jama'a, makaɗa na wasa shi kana ji da kunnenka. Wanda ya iya haɗiye wanga, babu maganar da za a faɗa mishi kasuwa ya zaro wuƙa. Ni tun da na girma ban ɗaga hannu na bugi mutum ba. In rigima ta taso, riƙe mutum nike har shi huce.

Mushen Bagalam:
Allah ya ƙara girma Baba. Babu abin cirewa a maganarka. Matsalar ita ce dandalin da kuka sani babu shi yanzu a cikin birni, an yanka filaye an gine. Yaron Bagalam ko Mokoyo in ya ce yau yana son koyon kokowa, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa, ƙarfe nawa ake farawa? Masu taekwondo da judo abin da suka fi mu shi ne tsari: ga rana, ga lokaci, ga mataki bayan mataki da yaro ke gani yana hawa. Da tsofaffin 'yan kokowa irinku za su buɗe horon yara mai tsayayyen lokaci, da ni zan fara turo 'yan ajina.

Kuma na waje ma sun fitar da ƙasar nan kunya. Isaka Dabore ya ciyo mana tagulla a damben zamani a gasar Olamfik ta Munik a 1972. Daga nan shiru har shekara 44, sai a 2016 Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo azurfa a taekwondo a Olamfik ta Riyo, shekarar da ta biyo baya kuma ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. Bayan Riyo na ga yaran da ko gudu ba sa so a darasin motsa jiki suna tambayar inda ake koyon taekwondo. Yaro yana bukatar wanda zai ɗaga kai ya kalla.

Ɗan Kabu-kabu:
Ku yi haƙuri manya, tarbiyyar yara daban, ni abin da ya dame ni dare ne. Muna aiki har bayan isha'i. Wani zai tsayar da kai ya ce ka kai shi bayan gari, kuna isa inda babu fitila ya fiddo wuƙa ya ce sauka. Haka aka raba wani abokin aikinmu da moto, kuma moton ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi kuɗi. Metir, wata nawa mutum zai yi ya iya ƙwace wuƙa a hannun ɓarawo? Na ga bidiyo da yawa a TikTok suna nuna yadda ake kama hannun a murɗe.

Metir na Zariya:
Ƙanena, ka saurare ni da kyau don maganar rai ce. Babu adadin watannin da zan faɗa maka. Ni da na daɗe a cikin abin nan, in aka fiddo mini wuƙa aka ce in sauka, sauka zan yi. A bidiyon da kake gani, mai wuƙar yana kawo suka sau ɗaya ya bar hannunsa a miƙe yana jira a kama. Ɓarawon gaske cakumar rigarka zai yi da hannu ɗaya, ɗayan yana ta kai da kawowa, cikin duhu, kuma da wuya ya kasance shi kaɗai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. In kana so ka gani da idonka, ka sa farar riga, ka ba ƙanenka guntun gawayi a madadin wuƙa, ka ce ya yi iya ƙoƙarinsa ya taɓa ka, kai kuma ka yi ƙoƙarin ƙwacewa. In kun gama ka duba rigar. Kowane baƙin layi da ka gani yanka ne.

Balle 'yan'uwanmu na yankin Madarunfa da Gidan Runji da ke fama da masu bindiga. Duk wanda ya karɓi kuɗin mutum ya ce zai koya masa abin da zai kare shi daga wannan, ya ci haram. Funakoshi, wanda ya kai karate Tokiyo daga tsibirin Okinawa a 1922, cikin ƙa'idojin da ya bar wa almajiransa akwai cewa babu fara kai hari a karate. Kariyarka ta farko tun a bakin titi take: mutumin da hankalinka bai kwanta da shi ba, da dare, zuwa bayan gari, ka ce ba ka zuwa ko nawa zai biya.

Ɗan Kabu-kabu:
To Metir, in haka ne mene ne amfaninsa ga irina? Ni na ɗauka don kare kai ake koya.

Tsohon Ɗan Judo:
Bari in amsa maka, ɗan'uwa. Ka lissafa da kanka: tun da ka fara aikin nan, tsakanin gamuwa da mai wuƙa da zamewa a rairayi ko akuya ta gitta maka, wanne ya fi yawa? A judo abin da ake fara koya wa mutum shi ne faɗuwa. Kafin a bar ka ka kada kowa, sai ka iya faɗuwa ta baya, ta gefe, ta gaba da mirginawa: haɓa a manne da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, ba a tokarawa da tafin hannu, a baza nauyin a jiki duka. Ana maimaitawa har jiki ya riƙa yi ba tare da ka yi tunani ba. Jigoro Kano da ya kafa judo a Tokiyo a 1882 malamin makaranta ne. Ya ɗauko tsofaffin dabarun faɗa na ƙasarsu, ya ware masu haɗari daga karawar yau da kullum, domin mutum biyu su iya gwada ƙarfinsu duka, gobe kuma su dawo lafiya.

Na biyu, yawancin rigimar da kake shiga ba da ɓarawo ba ce. Gardamar canji ce, ko wani ya goge ka a kasuwa, ko wanda ya sha wani abu ya ci kwalarka. A nan wanda ya saba da a riƙe shi ba ya ruɗewa. Ya san yadda zai zame, ko ya riƙe mutum ya zaunar da shi ba tare da ya fasa masa baki ba. Wanda bai sani ba kuwa tsoro ne ke sa shi ɗaukar dutse ko sukudireba, daga nan sai komisariya. Wannan shi ne abin da Baba ya faɗa, kuma na yarda judo da kokowa 'yan gida ɗaya ne.

Malam na Limanci:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na bi maganar tun daga farko. Asalin neman ƙarfin jiki abu ne mai kyau a addini. Muslim ya ruwaito cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, kuma a cikin kowannensu akwai alheri. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokowa da Rukana ya kada shi. Kuma abin da Metir ya yi ta bayani a kan fushi, hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim ya riga ya faɗe shi: mai ƙarfi ba shi ne mai kada mutane ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Amma akwai abu uku da ba zan yi shiru a kansu ba. Na farko sunkuyawar da ake yi wa malami da abokin karawa, wani wurin har da hoto ko tuta. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Annabi ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a. Na biyu dukan fuska, wanda aka yi hani da shi a hadisi ingantacce. Na uku, Baba ka gafarce ni, layu da guraye da ake ɗaurawa a filin kokowa. Ba na son yaro ya tashi yana ganin ƙarfinsa a cikin ƙunshin fata yake.

Baba na Tibiri:
Malam, Allah shi gafarta. Zancen layu gaskiyarka. Na ga wanda ya shigo fili da kaya har ba a ganin damtsenshi, yaro ya ɗauke shi ya aje ƙasa. Wanda za shi koya ma yara, shi bar wanga waje. Amma zancen sunkuyawa, mu nan ba durƙusawa muke ma iyayenmu ba?

Malam na Limanci:
Baba, ita ma durƙusawar ai malamai sun yi magana a kanta, kuma ka san yadda ake jayayya a kai a garin nan. A kan sunkuyawar gaisuwa wasu malamai sun ce haramun ne, wasu sun ce makaruhi ne matuƙar ba da nufin bauta aka yi ba. Abin da nake nema mai sauƙi ne: in akwai hanyar kauce mata, a kauce.

Metir na Zariya:
Malam, a wurin horonmu akwai hanya. Mu hannu muke sawa a ƙirji mu yi sallama, bayan karawa a yi musafaha. Babu hoton kowa a bango. In lokacin salla ya yi muna tsayawa. Amma ba zan ɓoye maka ba, a gasa ta hukuma alƙalin wasa yana ba da umarnin gaisuwa, kuma tana cikin doka, a taekwondo da judo duka. Yaron da ya kai wannan matakin sai shi da iyayensa su nemi fatawa. Yawancin yara ba gasa ta kawo su ba.

Zancen fuska kuwa, a taekwondo an hana naushi a fuska, amma ana cin maki da ƙafa a kai, shi ya sa ake sa hular kariya. Ni ƙananan yara ba na bari su kai ƙafa sama da ƙirji in suna karawa. Wanda duk da haka zuciyarsa ba ta natsu ba, ga judo nan da kokowa, babu duka a cikinsu ko kaɗan. Na fi son ka kai ɗanka wurin wani da ya ci gaba da zaman fada.

Ɗan Rundawa:
An yi ta zancen kokowa, ba wanda ya ambaci dambe. Mu mahauta gadonmu ne. Hannu ɗaya a naɗe da zare, shi ne mashi, ɗayan a buɗe shi ne garkuwa, turmi uku, wanda ya kai ƙasa an kashe shi, wato an ci shi. In ana maganar kare kai, wa ya kai ɗan dambe sanin nisa da lokacin da hannu zai taso? Kuma jarumtar da ke cikinsa babu ita a wasan da ake sa hula da sulke.

Majo:
Yayana, ina girmama gadonku, amma a nan zan saɓa maka, don mu ma'aikatan asibiti ake kawo wa 'yan damben. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take a cikin ƙoƙon kai. Duk bugun da ya girgiza kai, tana karo da ƙashi. Ba sai mutum ya suma ba, kuma abin taruwa yake yi shekara da shekaru. Babba da ya zaɓi dambe ya san abin da ya zaɓa. Yaro ɗan shekara 12 bai sani ba, kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba. Hular taekwondo ma tana rage fashewar fata ne, ba ta hana girgizar ciki, don haka na ji daɗin abin da Metir ya ce game da ƙananan yara.

Iyaye ku riƙe wannan. Yaron da ya bugu a kai, in ya yi amai, ko jiri, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci ya rinjaye shi, ko ya kasa tuna abin da ya faru, a kawo shi asibiti a ranar, kuma kar ya koma horo sai likita ya yarda. Mai sikila ko asma ko ciwon zuciya a fara ganin likita kafin a sa shi. Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a garin nan, horo sai da sanyin safiya ko bayan la'asar sosai, kuma duk malamin da ke hana yara shan ruwa wai don su yi tauri, bai san aikinsa ba. Maganar faɗuwa kuma gaskiya ce. Karayar wuyan hannu da ta ƙashin kafaɗa da muke gani wurin masu moto, da yawa daga tokarawa da hannu ne. Amma ɗan kabu-kabu, iya faɗuwa ba ya maye gurbin hular kwano.

Ɗan Rundawa:
Majo, na ji. Amma mu ma ba ma sa yaro gaban babba, sa'a da sa'a ake haɗawa. Ni dai ban yarda a ce a bar dambe ya mutu ba.

Majo:
Ban ce ya mutu ba. Na ce a jira yaro ya girma.

Ɗalibar Jami'a:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tun ɗazu ana cewa yaro, ɗanka, jikanka. Mu fa? Ni ina karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wani lokaci darasi ba ya ƙarewa sai magariba ta gabato. Abin da mace ke gamuwa da shi a hanya yawanci ba wuƙa ba ce. Wani ne zai bi ki, ko ya tare miki hanya, ko ya riƙe miki hannu ko hijabi. Kuma an tarbiyyantar da mu a kan kar mu ɗaga murya, sai ki ga yarinya ta sandare ta kasa ko ihu. Na yi taekwondo a Yamai lokacin ina lise. Abin da ya fi yi mini amfani ba ɗaga ƙafa ba ne. Na koyi fizge hannuna ta wajen babban yatsan wanda ya riƙe ni, na koyi yin tsawa daga ciki, na koyi gudu ba tare da numfashi ya yanke mini ba.

Baban Halifa:
Ɗiyata, Allah ya tsare ku. Amma ni gaskiya ba zan iya barin ɗiyata ta sa wando tana tsalle gaban maza ba, namiji kuma yana kama ta da sunan koyarwa. Mace kariyarta gidanta da muharraminta.

Ɗalibar Jami'a:
Baba, ban nemi a haɗa mu da maza ba, ni ma ba na so. Amma muharramina ba ya bina aji, ba ya bin ƙanwata in an aike ta kai niƙa, ba ya bin 'yan talla. Zancen sutura kuma, kayan taekwondo dogon hannu ne da dogon wando, kuma doka ta yarda a sa ɗankwali a ƙarƙashin hula. Hedaya Malak ta Masar da kanta a rufe ta ciyo tagulla a Riyo, ta sake ciyowa a Olamfik ta Tokiyo. 'Yar ƙasarsu Feryal Abdelaziz da kanta a rufe ta ɗauki zinariya a karate a Tokiyo. Mu ma Tekiath Ben Yessouf ta wakilci Nijar a taekwondo a can, har ta kai karawar neman tagulla. Abin da muka rasa a unguwanni shi ne wuri mai katanga da mace mai koyarwa.

Malam na Limanci:
In mata ne zalla, mace ke koyarwa, wuri a killace, da izinin iyaye ko miji, ni ban ga abin hanawa ba. Baban Halifa, sharuɗɗanka ne ta lissafa.

Baban Halifa:
In an cika su, sai mu gani. Amma sai uwarta ta je ta duba da idonta.

Metir na Zariya:
Matsalar mace mai koyarwa gaskiya ce. 'Yan matan da suka yi nisa a wurina, da an yi musu aure shi ke nan, ba a sake ganinsu. Akwai ɗaya da ta kai baƙar ɗamara, tana nan cikin gari da 'ya'yanta. Zan sa maiɗakina ta je ta same ta, in mijinta ya amince. Ƙanwata ɗaliba, ke ma kina iya taimaka mata da ƙananan.

Hajiya ta Ali Ɗan Sofo:
In wuri ne matsala, ina da tsakar gida babba, katanga doguwa, ƙofa ɗaya, kuma babu namiji baligi a gidan da rana. Zan bayar Asabar da Lahadi bayan la'asar, ba na son ko dala. Sai dai rabin wurin siminti ne, rabi ƙasa. Kuma kayan fa? Yawancin iyayen unguwarmu ba za su iya sayen kimono ba.

Metir na Zariya:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Kimono ba dole ba ne a farko, dogon wando mai faɗi da riga mai kauri sun isa, daga baya tela na iya ɗinkawa. Simintin za a yi tsayuwa da motsi a kansa, amma kar a kada kowa a wurin, ko da wasa. Ɓangaren ƙasar a tsince duwatsu da kwalabe, a zuba rairayin gulbi amalanke biyu ko uku, a tankaɗe shi, a riƙa yayyafa ruwa kafin a fara saboda ƙura. A ajiye randa kusa. Kowace yarinya ta zo da uwarta ko yayarta ranar farko, a rubuta sunan wanda za a kira in wani abu ya faru. Majo, in za ka samo mana ma'aikaciyar lafiya mace ta duba su kafin a fara, ka sanar da Hajiya.

Majo:
Akwai wadda muke aiki tare, zan yi mata magana gobe in sha Allahu. Masu sikila su zo da katinsu.